Koyon Ƙera Manhajojin Waya a Jami'a: Fa'idodi da Illoli

A farkon shekarar 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, jama'a suka gane cewa manhajar waya ma suna ta tara. Mai shayi da mai kayan miya da ɗan adaidaita sahu duk suka koma karɓar tiransifa. Manhajojin wasu bankuna suka kasa ɗaukar nauyin: a cire maka kuɗi, wanda ka tura wa bai ga alat ba, ku yi cirko-cirko a bakin shago kowa na duba wayarsa. Wasu kuwa suka riƙe, cikin 'yan watanni suka kwashe ɗimbin masu hulɗa. Ba duk laifin ne yake jikin manhajar da ke cikin waya ba, akwai na na'urorin da ke bayanta, amma duka aikin mutane iri ɗaya ne, masu rubuta kod.

Abin da ya raba manhajar da ta riƙe da wadda ta durƙushe yana can ƙasa inda mai waya ba ya gani: me za ta yi in sabis ya yanke ana tsakiyar aiki, yaya take magana da uwar garken banki, ina take ajiye kalmar sirrin mutum. Wannan shi ake nufi in an ce koyon ƙera manhaja a mataki mai zurfi. Yaro mai himma zai iya haɗa manhaja mai shafi uku cikin mako biyu da taimakon bidiyon YouTube, har akwai App Inventor na jami'ar MIT da ke Amurka, wanda aka yi don ɗan sakandare ya jera tubala a fuskar kwamfuta ya fitar da manhaja ba tare da rubuta layi ɗaya ba. Tambayar da iyaye da ɗalibai ke yi ita ce ko wancan zurfin sai an shafe shekara huɗu a jami'a ake samunsa. A ganina jami'a ta fi ko'ina iya koyar da sashen da ba ya tsufa, kuma ta fi ko'ina nawa wajen bin sashen da ke sauyawa kowace shekara. Sana'ar kuwa ba ta tsayuwa sai da duka biyun.

Babbar fa'idar ita ce tushe, kuma ya kamata a tsaya a kanta sosai, domin masu cewa digiri ɓata lokaci ne nan suke tsallakewa. A ɗauki maganar cire kuɗi sau biyu. Mutum ya danna maɓallin turawa, saƙon ya isa banki, amma amsar ta maƙale a hanya. Manhajar ba ta san ko kuɗin ya tafi ko bai tafi ba. In ta sake aikawa kai tsaye, za a iya cirewa sau biyu. In ta yi shiru, mai waya zai sake dannawa da kansa. Maganin da masana suka daɗe da sani shi ne a ba kowace buƙata lamba tata ta musamman, ta yadda ko sau uku ta iso, uwar garke za ta gane buƙata ɗaya ce. Wannan tunani daga darasin hanyoyin sadarwa da na rumbun bayanai yake fitowa, darussan da ɗalibai suka fi ƙorafi a kansu a aji biyu da aji uku. Wanda ya koyi aikin ta bin bidiyo kawai, sau da yawa ba ya ma sanin akwai wannan rami sai ya faɗa ciki da kuɗin mutane.

Haka batun nauyin waya. Fuskar waya tana sabunta hotonta aƙalla sau 60 a daƙiƙa guda, wato manhaja tana da abin da bai kai kashi 17 cikin 1,000 na daƙiƙa ba ta gama zana kowane hoto. In mai rubutu ya ɗora aiki mai nauyi, kamar sauke fayil ko tace dogon jerin sunaye, a kan layin da ke kula da fuskar, sai wayar ta fara kakarewa. In abin ya kai daƙiƙa 5 manhajar ba ta amsa taɓawa ba, Android zai fito da saƙon cewa ta daina aiki, ya tambayi mai waya ko a rufe ta. Raba aiki gida-gida ya tafi lokaci guda ba tare da ɗaya ya taka ɗaya ba, shi ne ɗaya daga cikin abubuwa mafi wuya a ilimin kwamfuta gaba ɗaya, kuma a darasin tsarin sarrafa na'ura ake warware shi daki-daki. Zaɓar hanyar bincike da za ta nemo suna ɗaya cikin sunaye dubu ɗari ba tare da cinye batir ba, shi ma darasi ne mai zaman kansa. Waɗannan ba sa burge kowa a ranar nuna aiki, amma su ke riƙe da manhaja ranar da mutum dubu suka shiga lokaci guda.

Jami'o'in da suka ƙware a wannan fanni ba sa barin ɗalibi ya fara da waya. Kwas ɗin CS193p na jami'ar Stanford, wanda aka fara sakin bidiyonsa kyauta a iTunes U a 2009, shekara guda bayan buɗe App Store, ba a shigarsa sai an gama darussan farko na rubuta kod. Paul Hegarty, tsohon injiniya a kamfanin NeXT na Steve Jobs, ya daɗe yana koyar da shi, kuma cikin mako goma ake kammalawa. Kwas ɗin yana iya gudu haka ne saboda an riga an gina ɗaliban.

Amfanin tushe yana ƙara fitowa in aka dubi yadda kayan aikin ke mutuwa. Akwai lokacin da ƙwararren mai ƙera manhaja shi ne wanda ya iya Symbian na Nokia ko tsarin BlackBerry, wanda aka kashe hidimominsa gaba ɗaya a Janairun 2022. Windows Phone ya zo ya wuce. Apple ya fito da yaren Swift a 2014 ya ture Objective-C, ya kawo SwiftUI a 2019. Google ya karɓi Kotlin a 2017 bayan shekaru ana rubuta Android da Java, ya saki Jetpack Compose a 2021. Facebook ya fitar da React Native a 2015, Flutter ya cika a ƙarshen 2018. Duk wanda ya daɗe a sana'ar ya sauya kayan aiki fiye da sau ɗaya. Bambancin wanda ya san tushe da wanda ya haddace kayan aiki guda kamar na makanike ne da direban da ya saba da mota ɗaya: in an kawo sabon samfuri, makanike zai buɗe bonet ya gane inji ne dai, direban kuwa sai ya koma koyo daga farko.

Sai dai wannan saurin sauyi da ke nuna darajar jami'a, shi ne kuma ke tona asirinta. Tsarin karatun jami'a ba ya sauyawa da son ran malami. Sai ya bi ta kwamitin sashe, ya je tsangaya, ya hau majalisar dattawan jami'a, kuma duka sai sun dace da ma'aunin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC. Tsohon ma'aunin da ake kira BMAS ya fito ne a 2007, shekarar da iPhone ta fara shiga kasuwa, kafin wayar Android ta farko ta fito a 2008. Sai a Disambar 2022 aka ƙaddamar da sabo, CCMAS, wanda ya ware ilimin kwamfuta a matsayin fanni mai cin gashin kansa, da kwasa-kwasai irin su injiniyancin manhaja da tsaron intanet da kimiyyar bayanai, ya kuma bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ta ga ya dace da ita. Ci gaba ne na gaske, kuma a cikin kashi 30 ɗin nan ne jami'ar da ke so za ta iya gina kwas mai zurfi a kan waya. Amma takarda ba ta koyarwa. Malamin da ke ɗauke da darussa huɗu ko biyar, da ɗaruruwan takardun jarrabawa, da ɗaliban da yake duba wa aikin kammala digiri, ga ƙarin girmansa ya dogara da wallafa maƙala, yaushe zai zauna ya koyi sabon tsarin da Google ya fitar bara? Ba lalaci ba ne, tsarin ne bai ba shi dalili ko sarari ba. Sakamakon shi ne a koyar da hanyar da kamfanin da ya ƙirƙire ta ma ya ce a daina amfani da ita, ɗalibi ya ci jarrabawa da maki mai kyau a kan abin da ba zai taɓa shi a wurin aiki ba.

Ga kuma yajin aiki. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta rufe azuzuwa kusan wata tara a 2020, ta sake rufewa wata takwas a 2022, daga tsakiyar Fabrairu zuwa tsakiyar Oktoba. Ɗalibin da ya shiga jami'ar gwamnati a 2019 ya shiga ne ana kan Android 10, kafin a dawo daga yajin aiki na biyu an saki Android 13. Mai karanta tarihi ko lissafi zai dawo ya tarar da iliminsa inda ya bar shi. Mai koyon ƙera manhaja zai tarar aikin da ya fara ma ya ƙi tashi a sabuwar na'ura.

Maganar kuɗi ita ce illar da ta fi ci mini rai, domin ita ce ke tace ɗalibai tun kafin a gwada ƙwaƙwalwarsu. Android Studio, inda ake rubuta manhajojin Android, yana buƙatar kwamfuta mai RAM aƙalla gigabait 8, kuma sai da 16 ake jin daɗinsa. Xcode, wanda ake ƙera manhajar iPhone da shi, ba ya aiki sai a kwamfutar Mac. Ɗora manhaja a Google Play yana buƙatar biyan dala 25 sau ɗaya, na Apple kuwa dala 99 ne duk shekara. Kafin a saki naira a Yunin 2023, dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, wato dala 99 ba ta wuce naira dubu 46 ba. Da dala ta haura 1,500 a 2024, kuɗin ya tasam ma naira dubu 150, fiye da albashin wata biyu a mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70. Ba a yi maganar data ba, ga fayilolin da ake saukewa masu nauyi, ba a yi maganar wuta ba. A inda babu isassun kwamfutoci, sai a koma rubuta kod a allo, a yi jarrabawa da biro da takarda. Ɗan mai hali ya koma ɗaki ya gwada a kwamfutarsa, ɗan talaka ya haddace. Dukansu za su fita da digiri iri ɗaya, amma ba ilimi ɗaya ba. 'Yan mata kuma suna da nasu ƙarin: wurin da ake samun wuta da intanet galibi da dare ne ake cika shi, lokacin da da yawansu ba su da damar fita.

A nan ma dai jami'a na iya zama magani in ta so. Abin da ɗalibi ɗaya ba zai iya saya ba, sashe zai iya tanada wa mutum ɗari: ɗakin kwamfutoci mai sola, 'yan kwamfutocin Mac kaɗan, akwatin wayoyin gwaji manya da ƙanana. Irin wannan aikin ne asusun TETFund yake yi wa manyan makarantun gwamnati. Adireshin imel na makaranta kaɗai yana buɗe wa ɗalibi kayan aiki kyauta daga GitHub da JetBrains. Mai koyo shi kaɗai a gida ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Fa'ida ta gaba mutane ne. Babu manhaja mai girma da mutum ɗaya ke rubutawa. Ana aiki ne a ƙungiya, kowa na zuba nasa a rumbu ɗaya ta hanyar Git, wani ya karanta abin da ka rubuta ya nuna maka inda ka kauce, kai ma ka karanta na wani. Jure wa gyara da iya bayyana dalilin da ya sa ka zaɓi wannan hanya ka bar waccan, sai cikin jama'a ake koyonsu. Kevin Systrom da Mike Krieger, waɗanda suka fitar da Instagram a 2010, dukansu 'yan Stanford ne. Manhajar karanta labarai ta Pulse a aji aka fara ta a wannan jami'a, LinkedIn ya saye ta a 2013. A gida Najeriya, Shola Akinlade da Ezra Olubi sun karanta kimiyyar kwamfuta ne a jami'ar Babcock kafin su kafa Paystack a 2015, kamfanin da Stripe ya saya a 2020. Ba lacca ce ta haifi waɗannan kamfanoni ba, amma makaranta ce ta haɗa mutanen. Ƙungiyoyin ɗalibai da Google ke tallafa wa a harabar jami'o'i, da tarukan DevFest da ake yi a Kano da Kaduna da sauran birane, sukan cike giɓin da aji ya bari. Har wani abu ƙarami: tun ƙarshen 2023 Google ba ya barin sabon mai asusu na ƙashin kansa ya saki manhaja ga jama'a sai wasu mutane sun gwada ta kwana 14 a jere, da farko mutum 20, daga baya aka rage zuwa 12. A ɗakin kwanan ɗalibai, samo waɗannan mutane aikin yini ɗaya ne.

Aikin rukuni kuwa yana da nasa ciwon, kowa ya san shi: mutum bakwai a takarda, mutum ɗaya a gaban kwamfuta. Wata shidan da ake tura ɗalibai koyon aiki a ƙarƙashin SIWES kan zama mafi amfani a duk karatun ga wanda ya dace da kamfanin da ke ƙera manhaja, amma irin waɗannan kamfanoni sun taru ne a Legas da Abuja, ɗalibi daga Gusau ko Damaturu kuwa ba lallai ya samu wurin kwana a can ba, sai ya ƙare a wani ofis yana buga wasiƙu. Sayen aikin kammala digiri tsohuwar cuta ce. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo: tun fitowar GitHub Copilot, sannan ChatGPT a ƙarshen 2022, ɗalibi zai iya kawo manhaja mai aiki wadda bai fahimci layi goma a cikinta ba. Ba na cikin masu cewa a hana amfani da su, domin a wurin aiki ana amfani da su. Abin da suka yi shi ne sun rage darajar iya rubuta kod mai sauƙi, suka ɗaga darajar iya gane kod mai kuskure. Wannan ya ƙara wa tushe nauyi, ya kuma sa dole malami ya zaunar da ɗalibi ya ce masa, buɗe nan, gaya mini me wannan yake yi, sauya shi a gabana.

Takardar digiri kanta fa'ida ce, kada a ruɗi kowa. Bankuna da ma'aikatun gwamnati da kamfanonin sadarwa har yanzu suna neman ta tare da shaidar bautar ƙasa, kuma ba a shiga digiri na biyu ko neman tallafin karatu a waje sai da ita. Gaskiya ne Jan Koum ya bar jami'a bai gama ba, ya zo ya kafa WhatsApp wanda Facebook ya saya dala biliyan 19 a 2014, amma ya shafe shekaru yana aikin injiniya a Yahoo kafin nan, kuma ba a gina shawarar rayuwar yaro a kan mutum ɗaya cikin miliyan. Gaskiya ne kuma akwai wasu hanyoyin: Andela, da aka kafa a Legas a 2014, ta horar da matasa da dama ba tare da damuwa da abin da suka karanta ba, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin horo na 3MTT a 2023, ga cibiyoyi irin su CoLab a Kaduna. Waɗannan sun fi jami'a sauri da kusanci da kasuwa. Illar takardar ita ce kwanciyar hankalin ƙarya da take bayarwa. Kamfanin da ke neman mai ƙera manhaja zai tambayi abin da ka taɓa ginawa, ya ba ka matsala ka warware a gabansa. Mai digiri mai daraja ta ɗaya da bai taɓa sa manhaja a hannun baƙo ba zai sha mamaki a wannan zama.

Akwai wani abu da ban ga inda za a koyar da shi da kyau ba in ba a jami'a ba, shi ne amana. Waya ta san inda mutum yake kwana, da waɗanda yake kira, da hotunan iyalinsa. Mun ga abin da wasu manhajojin ba da rance suka yi a ƙasar nan: su kwashe lambobin da ke wayar mai cin bashi, in ya yi jinkirin biya su aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci. Sai da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a Maris na 2022, Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane daga ƙarshen Mayun 2023, aka kuma sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023. Kowane layi na waccan ɓarna wani ne ya zauna ya rubuta shi, mai ilimi, wataƙila matashi mai neman albashinsa na farko. Kwas na wata uku da aka tsara don a samu aiki da wuri ba shi da lokacin tsayawa a kan tambayar ko ya halatta a nemi wannan izini daga mai waya. Jami'a tana da lokacin, tana da tsangayar shari'a a maƙwabtaka, tana da malaman addini da na zamantakewa. In ta tsaya a kan koyar da yadda ake karɓo bayanan mutane ba ta koyar da haƙƙin da ke kansu ba, ta yaye ƙwararrun da za su iya cutar da jama'a da hannu mai kyau.

Wata illar da ba a cika lura da ita ba ita ce wa ake koya wa ɗalibi ya yi wa aiki. Littattafai da kwasa-kwasan da ake kwaikwaya an rubuta su ne da tunanin mai sabuwar waya, mai intanet da ba ya yankewa, mai karanta Turanci. Wayar da ke hannun yawancin mutanenmu Tecno ce ko Itel ko Infinix, ma'ajiyarta a cike, data ta naira ɗari biyu, wani lokaci waya ɗaya mutum uku ke amfani da ita. Kamfanin Transsion mai waɗannan wayoyi ya mamaye kasuwar Afirka ne saboda ya lura da abin da manya suka raina: layi biyu, batir mai daɗewa, kyamarar da ke fitar da baƙar fata da kyau. Google ma sai da ya fitar da Android Go a 2017 saboda ƙananan wayoyi. Ƙera manhajar da za ta yi aiki babu sabis, ta ajiye bayanai a cikin waya, ta daidaita su da uwar garke in sabis ya dawo ba tare da an rasa ko an ninka komai ba, ya fi ƙera manhaja mai ƙyalli wuya nesa ba kusa ba. Ita ce kuma ma'aikaciyar lafiya a ƙauye da malamin gona da mai karɓar adashe suke buƙata. Sai batun harshe: a tabbatar ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai kuma bincike yana gane su, a tsara shafi ya karɓi ajami daga dama zuwa hagu, a sa murya saboda wanda bai iya karatu ba. Kamfanin waje ba zai ba wannan muhimmanci ba, cibiyar horo mai neman tura yara aiki a Turai ma haka. Jami'a ce ke da hujjar yin sa, kuma an fara gani: masu bincike na ƙungiyar HausaNLP, da yawansu malaman jami'a ne, suna cikin waɗanda suka haɗa rumbun NaijaSenti a 2022, na rubuce-rubucen Hausa da Ibo da Yarabanci da Turancin buroka. Jami'ar Bayero da ke Kano tana da sashen injiniyancin manhaja, kuma kasuwar Kwari da Dawanau da asibitocin birni duk suna kusa, cike da matsalolin da suka isa aikin digiri na gaske.

Wanda ya ƙware kuma ba lallai ya zauna ba. Albashin dala daga kamfanin waje, ko da daga ɗakinsa yake aikin, ya ninka abin da kamfanin gida ko jami'ar da ta koyar da shi za su iya biya. Ga iyalinsa alheri ne. Ga sashen da ya yaye shi asara ce, domin irinsa ne ya kamata ya dawo ya koyar, kuma haka giɓin malaman ke ƙara faɗi. Ga kuma kallon da ake yi wa matashi mai yawo da kwamfuta a jaka, ana ɗaukarsa ɗan damfarar intanet, abin da ya sa masu harkar fasaha a Najeriya suka yi gangamin kuka da cin zarafin jami'an tsaro a 2019. Zaman sa'o'i a gaban na'ura da rashin barci suna taɓa ido da baya, amma wannan na sana'ar ne, ko a ina aka koye ta.

Ga yaron da ya samu gurbi kuma gidansu za su iya ɗaukar nauyi, shawarata ya shiga, amma ya tambayi 'yan aji huɗu na sashen kafin ya cike fom ɗin JAMB: sau nawa suke taɓa kwamfuta a mako, akwai malamin da ya taɓa sakin manhaja, ina aka tura su koyon aiki. In ya shiga, ya riƙe darussan da suka fi gundura da hannu biyu, ya bi sababbin kayan aiki da kansa daga shafukan Google da Apple, waɗanda kyauta ne. Wanda bai samu gurbi ba, ƙofa ba ta rufe ba, sai dai ya san akwai ramukan da zai koma ya cike da kansa, kuma ba mai tilasta masa.

Su kuma sassan jami'a, akwai gyara ɗaya da ba ya buƙatar jiran NUC ko sabon gini. A yau aikin kammala digiri yana ƙarewa ne a kundi mai bangon kwali da nuni na minti goma a gaban malamai, a kwamfutar ɗalibin, da bayanan da shi ya shirya. A mayar da sharaɗin ya zama sai manhajar ta shiga hannun mutanen da aka yi ta dominsu na tsawon zango guda, a ƙaramar waya, a unguwar da sabis ke wahala, ɗalibin ya kawo rahoton inda ta faɗi da yadda ya gyara. Sashe ya buɗe asusu ɗaya a Google Play da sunansa. Tun da Google yana tilasta a riƙa sabunta manhaja ta dace da sababbin nau'o'in Android, in ba haka ba ta daina bayyana ga masu sababbin wayoyi, sai a miƙa wa 'yan ajin baya manhajojin da na gaba suka bari, su karanta kod ɗin da wani ya rubuta, su gyara, su sabunta, su amsa koken masu amfani da ita. Yawancin aikin da za a ɗauke su yi bayan sun gama makaranta irin wannan ne.